Gwangwanin Sarkin Jirgi

Na gaji da zancen fim ɗin nan, ko da yake ni ne wanda bai kamata ya yi ƙorafi ba, don rabin rigimar daga bakina ta fito. An ce a wasu ƙasashe mutane suna faɗa ne a kan abin da masu shirya fim ɗin suka yi. Namu faɗan a Talata Mafara ya ɗan bambanta. A kan wata magana ce da na yi shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ina zaune a kan benci a shagon mai gyaran rediyo.

A lokacin ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Mai gyaran rediyon abokina ne tun firamare. Yana da wata talabijin da aka kawo gyara mai ita bai dawo ba, da bidiyo mai cin kaset, da ɗan janareta mai yawan tari. Ran Talata, idan kasuwa ta fara watsewa, mukan taru a shagonsa bayan la'asar mu yi kallo har kiran magariba. Ba a fara kawo mana finafinan da aka riga aka fassara da Hausa ba tukuna. Fim yakan zo da Turancinsa yadda aka yi shi, sai a nemi wanda ya yi boko a zaunar da shi kusa da akwatin, a rage sauti, ya riƙa gaya wa jama'a abin da ake cewa. Ni ne wannan mutumin. Bencin gaba nawa ne, kuma ba a kunna komai sai na iso.

Fim ɗin da ya kama mu kashi uku ne. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta lalace, ruwa ya ƙafe, shuka ta ƙi, suka shiga wani makeken jirgi mai girman gari suna yawo tsakanin taurari suna neman inda za su sauka. A ciki ake haihuwa, a ciki ake mutuwa. Shugabansu wani tsoho ne mai furfura, marar son magana, wanda idan abinci ya yi ƙaranci shi yake fara barin nasa. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakin mutane, sai muka sa masa Sarkin Jirgi, kamar mai fito a bakin gulbi. Mun kalli kashi ukun nan har hoton ya fara rawa, aka sake nemo wani kaset muka ɗora daga inda muka tsaya.

Cikin masu zuwa akwai mutum biyu da labarin nan ya shafa. Ɗaya mahauci ne daga Bakura, sa'ana, yakan zo kara, kasuwar dabbobi, sayen sa, kuma bakinsa bai san ragowa ba. Ɗayan dattijo ne makiyayi wanda kowa yake kira Baffa, rugarsu tana can bayan Tsibiri a ƙasar Maradun. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ruwan sama ne ya fara koro shi cikin shagon wata Talata, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa yana jiran a ɗauke, daga nan bai sake fashi ba.

Akwai wani wuri a kashi na farko inda Sarkin Jirgi yake shiga ɗakinsa shi kaɗai, ya buɗe wani ɗan gwangwani mai ƙasa a ciki, ya shinshina, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Tsohon yana tauna kalmomi, janareta yana tari, ruwa yana dukan kwanon rufi. Wallahi ban tsinci ko kalma uku ba. Ina shirin in bar wurin ya wuce, sai Baffa, wanda bai taɓa buɗe baki a shagon ba, ya ce, "Malam, mi yac ce?"

Abin da ya kamata in ce shi ne ban ji ba. Amma mutum goma sha wani abu suna kallona, kuma ban saba a kama ni da rashin sani ba. Na dubi Baffa, na dubi malfarsa da sandarsa, sai na ji bakina yana cewa ai ƙasar inda shanun uban Sarkin Jirgi suke kwana ce, yana tuna gida. Baffa ya gyaɗa kai a hankali, ya shigo ciki sosai, ya nemi wuri ya zauna.

Daga nan abin ya girma. Duk lokacin da aka sake sa fim ɗin, idan an zo wurin gwangwani, Baffa yakan gyara zama, ni kuma in ƙara wani abu. Na ce shanun farare ne. Na ce akwai wata saniya da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai shi. Na ce ranar da mutane suke shiga jirgi shi ya ƙi, ya ce ba zai bar garke ba, shi ne na ƙarshe da ya hau, kuma ɗaukarsa aka yi da ƙarfi. Ba daga sama nake samo waɗannan ba. Kafin a kunna fim mukan sha shayi, Baffa yakan ba ni labarin kiwo, sai in karɓa da dama in mayar masa da hagu bayan rabin awa, na sa musu rigar Sarkin Jirgi. Shi kuwa sai ya ce lallai makiyayi ɗaya ne ko a ina.

Mahaucin Bakura yakan tsokane ni. Yakan ce, "Malam, wanga Bature ya buɗe baki sau guda, kai ko ka yi muna huɗuba." A yi dariya, ni ma in yi, in ce masa Turanci dunƙulalle ne, sai an warware shi. Kowa ya san mai fassara yana ƙara gishiri, yana daga cikin aikin, kuma fassarar da ba gishiri ba ta tara jama'a. Sai dai ni ba gishiri na ƙara ba, wata miyar na dafa daban.

Wata shekara Baffa ya gayyace ni suna a rugarsu. Na hau mota zuwa Maradun, na hau babur zuwa Tsibiri, daga nan muka taka da ƙafa. Da yamma shanu suka dawo, farare tas, suna shiga shinge ɗaya bayan ɗaya ba tare da an buge ko guda ba. Aka kawo mini fura da nonon da ban sake shan irinsa ba. Bayan an ci an sha, Baffa ya tara ƙannensa da 'ya'yansa ya ce ga malamin da ya san harshen Sarkin Jirgi, in ba su labarin. Babu talabijin, babu kaset, babu wanda zai ce ba haka ba ne. Na ba su labarin tun daga shanu har taurari, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina a wannan rana.

Sannu a hankali zaman Talata ya watse. Kaset ya tafi, faifai ya zo ya tafi, aka koma kallo a waya. Aka fara kawo finafinai da fassararsu ta Hausa a ciki, murya ɗaya tana yi wa kowa magana, ba a bukatar malami a bencin gaba. Ni ma aka mayar da ni Bakura da aiki, na yi shekaru a can, na yi ritaya na dawo gida. A tsakanin nan zaman daji ya lalace. Baffa ya rage zuwa kasuwa, daga baya ya daina. Sai ji na yi an kore garkensa kaf a rana ɗaya, ya taso ya dawo Talata Mafara wurin 'yarsa da take aure a nan. Na je masa jaje. Na same shi a ɗan ɗakin zaure, ya rame, yanar ido ta rufe masa gani, sai da na yi magana ya gane ni. Mun daɗe muna gaisawa, ba wanda ya ambaci saniya.

Ana nan, sai ga labari wai an yi sabon kashi. Mai gyaran rediyo, wanda yanzu waya yake gyarawa yana kuma tura wa mutane fim, shi ya fara samu. Ya buɗe mana zaure a waya, ya tattaro duk tsofaffin 'yan Talata da suke raye kuma suke da wayar da za ta iya. Da farko ma an sha wahalar gane lissafin, wai shi ne na huɗu amma shi ne na farko, domin ƙuruciyar Sarkin Jirgi aka koma aka nuna, tun kafin jirgi ya tashi.

Na kalla ni kaɗai a gida, na rufe ƙofa kamar mai duba sakamakon asibiti. Babu saniya ko ɗaya a cikinsa, ko ta hoto a bango. Sarkin Jirgi ɗan birni ne, ɗan wani babban ma'aikaci, an ba shi aikin tsaron ƙofar da ake bi a shiga jirgi. Shi kansa ba ya cikin waɗanda aka zaɓa su tafi. Akwai wani manomi da ya taɓa ceton ransa, wanda aka ba takardar shiga saboda ya san shuka. A ranar ƙarshe saurayin ya karɓi takardar manomin kamar zai duba, ya shige da ita, ya rufe ƙofa. Jakar manomin ce ta rage a hannunsa, kuma a cikinta gwangwanin yake, ƙasar gonarsa ce da ya ɗebo don ya gwada shuka a inda za su sauka. Na koma na nemo kashi na farko, wanda yanzu yake da rubutu a ƙasa, na je wurin gwangwani na karanta abin da tsohon yake cewa. Layi huɗu ne kacal. Gafara yake nema.

In an tambaye ni ra'ayina a kan sabon fim ɗin, ya cika hayaniya, ya cika walƙiya, kuma yaron da ya fito a matsayin Sarkin Jirgi ya yi kyau da yawa, ba ka ganin tsohon a fuskarsa. Amma wurin ƙofar nan an yi shi da kyau, har na kasa cin tuwo a ranar. Sai dai ba wanda ya damu da ra'ayina a kan walƙiya.

Zauren waya ya kama da wuta. Mai gyaran rediyo ya ja ɓangare guda, suka ce wannan fim jabu ne, ba masu na farko ne suka yi shi ba, wasu yara ne da ba su san darajar manya ba suka zo suka tona wa dattijo asiri bayan ya gama rayuwarsa da mutunci. Hujjarsu babba ita ce, ina shanun? Fim ɗin da ya manta da shanu, in ji su, bai ma kalli na farkon ba. Mahaucin Bakura ya ja ɗaya ɓangaren. Ya ce shi yanzu ne ma ya fara ganin girman Sarkin Jirgi, don mutumin da ya yi mugun abu ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin gyarawa ya fi kama da mutanen da ya sani. Yanzu ya gane dalilin da ya sa tsohon yake barin abincinsa. Batun shanu kuwa, ya ce a tambayi Malam.

Saƙon murya ya riƙa shigowa tun daga asuba. Wani daga Dakko yakan yi minti bakwai yana magana, rabi gaisuwa, rabi zagin masu fim. Wani daga Ruwan Gizo ya rantse ya ga shanun da idonsa a tsohon kaset, an yanke wurin ne daga baya, kuma mutum uku suka ce su ma sun tuna. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Mutanen da suka yi shekara talatin suna sallah a sahu ɗaya suka fara gaisawa sama-sama. Ni kuwa na yi shiru. Da mai gyaran rediyo ya tambaye ni dalili, sai na ce wayata ce take ba ni matsala, na manta cewa ba wanda ya kai shi sanin lafiyar wayata a garin nan. Ya dube ni kawai ya ci gaba da aikinsa.

Wata Talata mahaucin ya tare ni a bakin kara. Bayan mun gaisa ya ce mini labarin sabon fim ya kai kunnen Baffa. An so a sa masa mai fassarar Hausa, ya ƙi, ya ce shi bai san wannan muryar ba, Malam yake so ya zauna ya fassara masa kamar da. Har an sa rana, Talata mai zuwa, a shago. Na ce ba ni da lafiyar zama. Ya ce in ban gaya wa Baffa gaskiya ba shi zai gaya masa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya har dillalai suka juyo. Na ce tsohon nan ya rasa shanunsa, ya rasa rugarsa, idonsa yana tafiya, abu ɗaya da ya rage masa shi ma sai an ƙwace? Wane lada za a samu a ciki?

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, ba tausai nai kaka ji ba. Kunyarka kaka ji."

Na juya na tafi. Na yi mako guda ina jin haushinsa, ina tsara maganganun da ya kamata in mayar masa, kuma ko ɗaya ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ranar ta zo. Bayan la'asar muka taru, mu takwas, duk mun yi furfura, wasu ba sa yi wa wasu magana. Talabijin ɗin yanzu shafaffiya ce a jikin bango, ba janareta, hasken rana ake tarawa. Mai gyaran rediyo ya je da kansa ya riƙo hannun Baffa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da jiki da damina, aka zaunar da shi a bencin gaba kusa da ni. Aka kashe fassarar Hausa, aka mayar da Turanci, aka rage sauti. Mahaucin ya zauna a baya ya harɗe hannu.

Sai da aka fara na gane girman abin da yake hannuna. Baffa ba ya ganin komai a jikin bangon nan sai haske yana motsi. In na ce ga shanu nan sun cika fili, shanu sun cika fili. Rabin mutanen ɗakin za su goyi bayana, har su ji daɗi. Mutum ɗaya ne zai ƙaryata ni, kuma an san shi da baki. Ban taɓa samun dama irin wannan ba a duk shekarun da na yi ina fassara.

Na fara a hankali, ina faɗin gaskiya amma ina tsallake-tsallake. Na ce ga birni, ga mutane suna layi, ga saurayin. Bayan kamar minti ashirin Baffa ya karkato ya tambaya ko ba a kai ga shanun ba. Na ce tukuna. Aka ci gaba. Manomin ya fito, ya ceci saurayin, suka ci abinci tare, Baffa ya ce wannan mutumin kirki ne. Ya sake tambayar shanu, na sake cewa tukuna. Sannan aka zo ƙofar. Saurayin ya karɓi takarda, ya shige, ƙofa ta rufe, manomin yana bugawa daga waje yana kiran sunansa. Sautin yana ƙasa, amma ana jin bugun. Na daina fassara.

Baffa ya ce, "Malam, mi yac ce?"

Na ce a tsayar da fim ɗin. Na gaya masa abin da ya faru a ƙofar, ban rage komai ba. Na gaya masa ƙasar wa ce a cikin gwangwani. Sannan na ce, "Baffa, babu shanu. Ko cikin na hwarko babu su. Ran da kat tambaye ni ban ji abin da yac ce ba, kunya ta hana ni hwaɗi, nis sa shanu. Duk abin da nib ba ka, wurinka nis samo shi."

Mai gyaran rediyo ya sunkuyar da kai yana wasa da sukundireba. Baffa ya daɗe yana fuskantar bangon, sannan ya ce a ci gaba, tunda an fara a ga ƙarshe. Aka ci gaba. Na fassara sauran kalma bayan kalma, busasshiyar fassara irin ta kotu, inda ban ji ba in ce ban ji ba a mayar baya. Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar wannan awa ɗaya ba.

Da aka gama rana ta yi ƙasa, ana shirin alwala. Mutane suka fara miƙewa, ba wanda yake son haɗa ido da wani. Baffa bai tashi ba. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, lokacin da mutane suka fara barin dajinsu 'ya'yansa sun yi ta roƙonsa a kora shanun kudu ko a rage su a shigo gari. Maƙwabta sun tashi, ƙannensa sun tashi. Shi ya ƙi, har damina biyu.

"Nic ce musu ni ka zama na ƙarshe," in ji shi. "Kamar Sarkin Jirgi."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba yana cewa ni ne ba. Taurin kai nasa ne tun yana yaro, kuma abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa. Ko ba fim da wuya ya tashi da wuri. Amma dai a cikin damina biyun nan, in ya zauna bakin shinge da yamma, yakan tuna mutumin, ya ji ba shi kaɗai ba ne. Ya faɗi wannan ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani ɗan gwangwanin man zafi, wanda fentinsa ya goge saboda riƙo. Ya buɗe. Baƙar ƙasa ce a ciki, busasshiya. Ya ce ranar da suka taso ya ɗebo ta a cikin shingen da ba kowa. Bai shinshina ba, ya dai riƙe ta a buɗe na ɗan lokaci.

"Tawa dai ta shanu ce," ya ce. Ya rufe ya mayar aljihu, ya nemi a ba shi buta.

Zauren waya bai fasa ba. Washegari ma aka samu ɓangare na uku, masu cewa labarina ya fi na masu fim daɗi, a nemi mai ɗaukar murya in sake faɗa a ajiye. Na Ruwan Gizo har yanzu yana kan bakansa cewa ya ga shanun. An ce za a yi wani sabon kashi kuma, har an fara musu a kan wanda ba a yi ba. Na fita daga zauren, aka mayar da ni, na sake fita. Mahaucin ya daina tsokanata, yakan gaishe ni da ladabi, wani lokaci ya aiko mini da hanta, kuma na fi son lokacin da yake kirana mai huɗuba.

Ina zuwa gaida Baffa duk Juma'a bayan masallaci. Yana karɓata da kyau, 'yarsa ta kawo ruwa, mu gaisa mu sake gaisawa, mu yi zancen damina da shinkafar fadama da waɗanda suka rasu. Ba mu sake ambaton jirgi ba. Har na fara gaya wa kaina cewa komai ya wuce.

Kwanan baya aka samu likitan ido da ya zo duba masu yana, na ce ni zan raka shi. Muka yi layi tun da safe, aka kira mu wajen azahar. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya haska idon Baffa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na hagu, sannan ya miƙe ya yi bayani da Turanci, a hankali, yana kallona, don ya ga alamar na yi makaranta. Da ya gama, Baffa ya karkata kai yadda ya saba. Na gyara murya zan fara. Sai ya juya wajen ma'aikaciyar jinyar da take tsaye a ɗaya gefen, wadda bai taɓa sani ba sai yau.

Ya ce, "Ɗiyata, mi yac ce?"

Ta gaya masa. Ina zaune a gefensa riƙe da sandarsa, kuma abin da ta faɗa shi ne daidai abin da zan faɗa.